Daga Ina Ake Ƙirgawa, Kuma da Wane Mudu?

Wanda ya taɓa buɗe Wireshark ya leƙa cikin fakitin da ke yawo a intanet zai lura cewa sashen IPv4 kusan kullum da lamba guda yake farawa: 45. Huɗun nan lambar zubin IP ce, babu wata rikita a ciki. Biyar ɗin kuwa tsawon kan fakitin take faɗa, watau inda bayanan jagora suka ƙare kayan da aka ɗauko suka fara. Sai dai ba bayit biyar ake nufi ba. Ƙunshi biyar ne, kowane ƙunshi bayit huɗu, jimla ashirin. Haka RFC 791 ta tsara tun Satumban 1981, ƙarƙashin kulawar Jon Postel. Bit huɗu kacal aka ware wa wannan lamba, don haka ba ta wuce 15, kan fakitin kuma ba ya wuce bayit 60. Tsakanin ashirin da sittin ɗin nan, ba wanda ya san inda TCP zai fara sai ya karanta rabin bayit ɗin nan ya ninka shi huɗu.

Wannan shi ne mafi sauƙin misalin abin da nake son magana a kai: tsarin bayanai wanda mazaunin wani sashensa ya dogara da abin da aka rubuta a wani sashen. Masu rubuta kod na can ƙasa, kusa da ƙarfen na'ura, cikin irinsa suke kwana suna tashi, kuma rubuta bayaninsa yadda na baya zai fahimta ya fi wuya fiye da yadda ake zato.

A harshen C, idan ka jera gurabe a cikin struct, kwamfaila ta san mazaunin kowanne. Ka tambaye ta da offsetof ta ba ka amsa, ka sa pahole, wanda Arnaldo Carvalho de Melo ya rubuta, ya zana maka shimfiɗar gaba ɗaya har da ramukan da ke tsakani. A nan ko ba ka rubuta bayani ba, kod ɗin da kansa shaida ne. Da zarar tazara ta zama mai sauyawa, shaidar ta ƙare. Struct ɗin zai faɗi farkon zance ya yi shiru, sauran kuma yana cikin kan wanda ya rubuta, ko a wata takarda mai shafi ɗari shida, ko a 'yan layukan bayani da ya bari a gefe. Ni hashiya nake kiran waɗannan layuka, domin aikinsu ke nan: matani yana tsakiya a dunƙule, malami ya warware shi a gefen shafi don almajirin da zai zo bayan ba ya nan.

Babban laifin da nake gani a irin wannan hashiya kalma ɗaya ce: “tsawo”. Mutum ya sanya wa gurbi suna len, ya rubuta a gefe cewa tsawon bayanan ne, ya wuce abinsa yana ganin ya sauke nauyi. Bai faɗi komai ba. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san “mudu goma” ba magana ba ce sai an ga mudun, kuma an san ko da tozo ake awo ko a shafe.

Dubi IPv6. An yi masa kai mai tsayayyen tsawo, bayit 40, don a huta da lissafin IPv4, sai aka mayar da zaɓuɓɓukan cikin wasu ƙananan kawuna da ke bin juna kamar sarƙa. Yawancinsu suna ɗauke da tsawonsu a bayit na biyu, ana ƙirga shi da ƙunshin bayit takwas, ba tare da an sa takwas ɗin farko a lissafi ba. Amma kan tantancewa na IPsec, wanda ake kira AH, da ƙunshin bayit huɗu yake ƙirga nasa, sannan a cire biyu. Kan gutsuttsura kuwa ba shi da gurbin tsawo sam, kullum bayit takwas ne. Saboda haka idan ka ga lamba 4 a bayit na biyu, a wani kan tana nufin bayit 40, a AH tana nufin 24. Sarƙa ɗaya, wuri ɗaya, mudu uku. Kowanne yana da dalilinsa na tarihi, AH dai an yi shi ne ya yi aiki da IPv4 ma, amma mai bin sarƙar da ƙarfe biyun dare ba tarihi yake nema ba. Abin da zai cece shi layi guda ne da ke cewa: jimlar bayit ita ce wannan lamba a ƙara biyu a ninka huɗu. Lissafin kansa, ba siffanta shi ba.

Bayan mudu sai mafari. Tazara ba ta da ma'ana sai an san daga inda aka fara taki. A DNS, wanda Paul Mockapetris ya bayyana a RFC 1035 cikin 1987, ana gudun maimaita suna ta hanyar sa ɗan manuni: bayit biyu, bit biyun farko a kunne, sauran sha huɗun su nuna inda ragowar sunan yake. Daga farkon saƙon DNS ake ƙirgawa. To amma idan saƙon ta TCP ya biyo, akwai bayit biyu na tsawo da ake liƙa masa a gaba, kuma su ba sa cikin lissafi. Wanda ya ɗauki farkon abin da ya karanto a matsayin mafari zai kauce da bayit biyu a kowane suna. A fayilolin manhajar Windows, adireshin 0x3C ne ke faɗin inda kan PE yake, ƙirge daga farkon fayil. Da ka shiga ciki sai yawancin tazarori su koma ƙirge daga inda aka shimfiɗa manhajar a ƙwaƙwalwar na'ura, ba daga fayil ba, kuma sai ka bi teburin sassa kafin ka mayar da ɗaya zuwa ɗaya.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na hotuna. Bayanan Exif da kyamara ke cusa wa hoton JPEG suna ƙirga tazararsu daga farkon kan TIFF da ke ciki, ba daga farkon hoton ba. A cikinsu akwai wani ɗaki da aka bar wa kamfanin kyamara ya zuba abin da ya ga dama, MakerNote. Wasu kamfanoni suka ƙirga tazarar cikin ɗakin daga ƙofarsa, wasu daga can farkon TIFF, kuma galibi ba su wallafa yadda suka yi ba. Sakamakon haka, manhajar gyaran hoto ta matsar da ɗakin da 'yan bayit kaɗan, duk manunan da ke ciki su koma nuna jeji. Masu rubuta manhajojin karanta Exif sun shafe shekaru suna tono ƙa'idar kowane kamfani da hannu, abin da jumla ɗaya za ta wadatar.

Sai maganar ciko. Na'ura tana son lamba mai bayit huɗu ta zauna a adireshin da ke rabuwa da huɗu, don haka bayan abu mai sauyin tsawo akan zuba bayit na banza har a kai gaɓa. Tambayar ita ce ko cikon yana cikin tsawon da aka rubuta. A Linux kaɗai amsar ta rabu. A netlink, hanyar da manhajoji ke zance da kanel kan sha'anin sadarwa, nla_len ya haɗa da kai da kaya amma ban da cikon ƙarshe, sai ka zagaye shi zuwa huɗu kafin ka taka zuwa na gaba. A inotify, mai sanar da canjin fayiloli, len ya haɗa da cikon amma ban da kai. A saƙonnin gefe na soket an ma raba abin biyu, CMSG_LEN na abin da za ka rubuta a gurbi, CMSG_SPACE na wurin da za ka tanada. Na taɓa ɓatar da yammaci guda a kan inotify saboda na auna sunan fayil da strlen maimakon in yarda da len, kuma kuskuren bai bayyana ba sai da sanarwa biyu suka iso a karatu ɗaya. Laifina ne, an rubuta a littafin jagora. Amma na lura cewa a netlink ban taɓa yin irinsa ba, kuma dalilin shi ne wani ɗan zane da ke cikin fayil ɗin netlink.h, dab da struct ɗin, mai kibiyoyi da ke nuna inda kowane tsawo ya fara da inda ya tsaya. Bayanin yana inda idona yake.

A ext4, tsarin ajiye fayiloli na Linux, abin ya fi haka daɗi. Kowace shigarwa a kundin fayiloli tana da name_len da rec_len. Na farko tsawon suna ne, na biyu kuma nisan da za ka yi tsalle ka sami shigarwa ta gaba. Idan aka goge fayil, ba a share wurinsa, sai a ƙara wa rec_len na maƙwabcinsa na baya har ya haɗiye shi. Wanda ya ɗauka cewa ɗaya daga ɗaya ake samowa zai tayar da matattun fayiloli. A teburan SMBIOS da ke bayyana kayan cikin kwamfuta kuwa, gurbin tsawo bai ƙunshi rubutattun sunayen da ke biye ba, sai ka yi ta tafiya har ka ci karo da sifiri biyu a jere.

Duk waɗannan tambayoyi ne na awo. Akwai wata da ta fi su nauyi, kuma ita ce aka fi mantawa: wa ya rubuta lambar, kuma wa ya tabbatar da ita? A Afrilun 2014 duniya ta san Heartbleed. Saƙon bugun zuciya na TLS yana ɗauke da kaya da kuma lambar da ke faɗin tsawon kayan, ɗaya ɓangaren ya mayar da su yadda suke. OpenSSL ta yarda da lambar ba ta gwada ta da ainihin abin da ya iso ba. Maharin ya aiko bayit ɗaya ya ce dubu sittin da wani abu ne, saba ta kwaso masa kusan kilobayit 64 daga ƙwaƙwalwarta, har da kalmomin sirri da makullai. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne RFC 6520 ta riga ta faɗi cewa a yi watsi da saƙon da tsawonsa ya wuce kima. Ƙa'idar tana rubuce, amma a wata takarda can, ba a layin da aka kira memcpy ba. Kuskuren ya zauna cikin sakin OpenSSL tun Maris 2012, shekara biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan tsakanin takarda da kod take.

Don haka hashiya mai kyau tana faɗin iyaka tare da ma'ana. Mafi ƙanƙantar ƙima nawa ce? Idan IHL, gurbin nan na tsawon kan IPv4, ya zo ƙasa da 5, fakitin ƙarya ne. Idan tsawon da ake tsalle da shi ya zo sifiri, mai karatu zai yi ta juyawa wuri ɗaya har abada. Manunin DNS yana iya nuna kansa, ko biyu su nuna juna. Wannan aibi ya yi ta maimaituwa a manhajojin ƙananan na'urori har aka fitar da RFC 9267 a 2022 don kawai a lissafa kurakuran da masu karanta DNS ke ta faɗawa. A PCI, jerin iyawar na'ura sarƙa ce da ke farawa daga manunin da ke 0x34, kuma Linux ba ya yarda ya bi ta fiye da taki 48, domin na'ura mai lalatacciyar sarƙa ba za ta riƙe kanel gaba ɗaya ba. Lambar 48 ɗin nan ita kanta bayani ce: tana gaya wa mai karatu cewa ba a amince da ƙarfen ba.

Yanzu ga jayayyar da ta raba masu sana'ar. Wasu na cewa hashiya ruɓewa take yi. A gyara kod a manta da ita, bayan shekara uku tana faɗin abin da ba haka ba, kuma bayanin ƙarya ya fi rashin bayani illa. Suna da gaskiya, kuma tarihin C ya goyi bayansu. Kafin 1999 harshen ba shi da hanyar cewa struct yana da wutsiya mai sauyin tsawo, sai mutane suka riƙa sa jeri mai ɗauke da abu ɗaya a ƙarshe, su nemi wuri fiye da haka, su zarce iyaka da gangan. A Windows har suna aka yi wa ɗayan nan, ANYSIZE_ARRAY. GCC ta yarda da jeri mai sifiri. C99 ta kawo baka biyu babu lamba a ciki, wanda shi ne halastaccen. Matsalar tsoffin dabarun ita ce ba a iya bambance wanda ke nufin ɗaya da gaske da wanda ke nufin “ko nawa ne”, ga kuma lissafin a cire ɗaya da ke warwatse ko'ina. Kwamfaila ta rasa yadda za ta kama mai zarce iyaka, tunda kowa zarcewa yake yi.

Gustavo A. R. Silva da Kees Cook, tare da wasu, sun shafe shekaru suna bin kanel ɗin Linux suna mayar da waɗannan zuwa tsarin C99, suna maye lissafin hannu da struct_size, wanda ba ya bari ninkawa ta malale. Daga 2023 aka fara liƙa wa wutsiyoyin alamar __counted_by, wadda ke faɗa wa kwamfaila sunan gurbin da ke riƙe da adadin. Clang 18 da GCC 15 suna fahimtarta. Abin da a da hashiya ce ke faɗa, cewa wannan gurbi shi ke ƙirga wancan jeri, ya zama abin da na'ura ke dubawa yayin aiki. Har ta zo da sharaɗin da a da ba mai rubutawa: dole a cika gurbin adadi kafin a taɓa jerin. A ganina wannan shi ne ci gaba mafi amfani da aka samu a fannin cikin shekaru ashirin, kuma duk abin da za a iya mayarwa haka a mayar. Girman kai a ɗaure shi da _Static_assert. Lissafin zuwa ga na gaba a tara shi a aiki guda mai suna, kada kowa ya riƙa ƙara manuni da hannunsa. Wasu sun wuce nan, suna rubuta shimfiɗar a harshe na musamman na'ura ta haifar da mai karantawa: Kaitai Struct na yin haka, sababbin iyalan netlink ana bayyana su da YAML, Microsoft kuma ta yi amfani da EverParse wajen tantance saƙonnin da ke shiga Hyper-V.

Inda na rabu da su shi ne zaton cewa wannan ya kashe hashiya. __counted_by yana iya cewa abu nawa ne, ba ya iya cewa a ƙara biyu a ninka huɗu, balle ya faɗi dalilin. Kuma akwai tsarin da tazararsa ba ta cikin bayanan ma sam. Lokacin da na'urar x86 ke ajiye rajistocinta da umarnin XSAVE, bayit 512 na farko tsohon tsari ne, sai kai mai bayit 64, daga nan kuma mazaunin kowane sashe sai ka tambayi na'urar da CPUID, ganye na 0x0D. Akwai ma zubi biyu, na yau da kullum da matsattse, wanda a cikinsa mazauni ya dogara da waɗanne sassa aka kunna. Da yake lambobin sun daɗe ba su motsa ba a na'urorin Intel, sai aka ɗauke su kamar doka. GDB, mai binciken kurakurai, ya rubuta su a teburi. Na'urorin AMD, da ba su da sashen MPX, suka zo da tasu shimfiɗar, sai mai binciken kurakurai ya koma karanta rajista daga wurin da ba nata ba, har aka gyara a 2023. Teburin nan ba ƙarya ya faɗa ba, abin da aka gani a na'ura ɗaya ya faɗa. Abin da ya rasa jumla ce da ke cewa waɗannan misali ne, asalin a wurin CPUID yake. Babu alamar kwamfaila da za ta maye gurbin wannan jumla.

Zane ma yana da nasa haɗarin, duk da yabon da na yi masa. Akwatunan da RFC suka saba zanawa da alamar tarawa da layi, bit 32 a kowane jere, sun dace da tsayayyen kai. Gurbi mai sauyin tsawo idan aka sa shi a akwati, ido yana ɗauka cewa girmansa ke nan, kuma abin da ke ƙasa da shi yana da tabbataccen mazauni. Masu tsara QUIC sun ga haka. A can kusan kowace lamba mai sauyin tsawo ce, bit biyun farko ke faɗin ko bayit 1 ce, ko 2, ko 4, ko 8. A RFC 9000 ta 2021 sai suka bar akwatuna suka koma jera gurabe layi-layi, kowanne da tsawonsa ko iyakarsa a gefe. Bai kai akwatin kyan gani ba, amma ba ya alkawarin abin da babu. Ko tsayayyen zanen IPv4 yana da tarko: a takarda lambar zubi ce ke gaba, amma a struct iphdr na Linux, kan na'urar da ke fara ajiye ƙaramin ɓangaren lamba, ihl ne ake fara rubutawa. Wanda ya kwafi zanen kai tsaye zuwa C zai sami biyar a mazaunin huɗu.

Abin da na fi amincewa da shi, bayan lissafi da iyaka, shi ne misali da ainihin bayit: a ɗauko saƙo guda, a rubuta lambobinsa, a nuna wannan ke nan, daga nan aka yi tsalle zuwa can. In an sa misalin nan cikin gwaje-gwajen manhajar, ba zai ruɓe a ɓoye ba, domin ranar da ya saɓa da kod gwaji zai faɗi. Sai dai a kula da wane misali aka zaɓa. A kusan kowace amsar DNS, sashen amsa da C0 0C yake farawa, manuni zuwa bayit na 12, saboda kan saƙon bayit 12 ne kuma sunan da aka tambaya nan yake. Mai koyo ya ga haka sau ɗari sai ya ɗauka kowane suna a sashen amsa bayit biyu ne, ya rubuta hakan, ya yi aiki wata shida kafin wata saba ta aiko da suna a warware. Haka wanda bai taɓa ganin komai ba sai 45 zai ƙara ashirin ya wuce. Misalin da za a sa a hashiya shi ne na ranar da abin ya saɓa: sunan da rabinsa rubuce yake rabinsa manuni, ko fakitin IGMP, wanda ke ɗauke da zaɓin faɗakar da rauta mai bayit huɗu, don haka da 46 yake farawa, kayansa kuma sai bayan bayit 24.